Baƙin Zanen Mai Guduma

Ranar da abin ya fara a gidan Abarshi masunci, babu wanda zai ce maka akwai wata masifa a tafe. Rana ta yi ja ta sauka bayan kukokin da ke bakin tabkin Madarumfa, shanu sun gama shan ruwa suna hawowa, hayaƙin tuwo ya kwanta bisa gari. Abarshi na zaune gindin rumbu yana ɗinkin komarsa da ta yage, matarsa Marka na tuƙin tuwo. Ƴarsu Turai, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu cikin ƴaƴan da suka haifa, tana tankaɗen garin kuka tana ƴar waƙarta ƙasa-ƙasa. Sai waƙar ta tsaya.

Abarshi bai ɗaga kai ba tun farko, ya ɗauka ta shiga ɗaka ne. Abin da ya sa ya ɗaga kai shi ne ƙarar da ya ji, tim, kusa da ƙafarsa. Dutse ne baƙi, ya kai dunƙulen hannu, jiƙe sharkaf, da gansakuka manne a jikinsa. To, wanda ya san Madarumfa ya san gari ne na rairayi da laka, mace in za ta kafa murhu sai ta gina da yumɓu, don ba ta samun dutsen ɗora tukunya. Bai gama juya wannan a hannunsa ba wani ya faɗo bisa rumbu, wani ya fasa tulun da ke bakin ɗaki. Ya miƙe zai zagi ƴaƴan maƙwabta, sai ya fasa, domin duwatsun ba ta kan darni suke shigowa ba. Daga sama suke saukowa a miƙe, a hankali, kamar wani ne ke ajiye su.

Sannan ya ga Turai. Tana tsaye tsakar gida, ƙafafu a haɗe, hannun dama a miƙe gefe a dunƙule, kamar tana riƙe da sanda, alhali babu komai a hannun. Fuskarta na duban wajen tabki. Marka ta kira ta, ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, yarinya ko gezau. Ƙuda ya sauka mata a ido bai sa ta ƙifta ba. Haka ta tsaya har ladan ya gama kiran magariba, har jan nan na sama ya mutu, sannan ta sulale ƙasa, ta buɗe baki ta tambaya wa ya fasa tulu. Marka ta rungume ta tana kuka tana tambayar mijinta wane irin abu ne wannan. Ya ce bai sani ba, ƙarya kuwa yake yi. Ya san tsayuwar nan sarai, shi ya koya mata ita da bakinsa.

Cikin bazarar da ta wuce, lokacin da ruwan tabki ya ja baya, wani Nasara ya sauka garin da raƙuma da akwatuna. Ba kwamanda ba ne, ba ya shari'a, ba ya kama mutane aikin hanya. Aikinsa duwatsu. Daga Azbin ya fito, inda aka ce ya daɗe yana hawan manyan duwatsu yana ɗaukar hotonsu, yanzu kuma an turo shi kudu ya auna tabki, ya ga irin dutsen da ke kwance ƙarƙashin rairayi. Kullum da ƴar guduma a ƙugunsa, duk dutsen da ya gani sai ya ƙwanƙwasa, ya fasa, ya lasa, ya jefa a jaka. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Guduma, suka kuma yanke cewa yana da taɓin hankali, sai dai taɓin hankalin Nasara a wancan zamani ba a yi masa dariya sai ya ba da baya.

Yana da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku da ido ɗaya na gilashi. In zai yi aiki sai ya kafa akwatin, ya warware wani baƙin zane, ya lulluɓe kansa da akwatin gaba ɗaya. Kuma yana da wata ƙa'ida: ba ya ɗaukar dutse shi kaɗai. Dole sai mutum ya tsaya kusa da dutsen riƙe da sanda mai zane-zane, don waɗanda za su ga hoton can ƙasarsu su san girman abin.

Cikin tabkin akwai wani baƙin dutse shimfiɗaɗɗe da ba ya fitowa sai ruwa ya ja sosai, da ɗan tsibirin yashi a gabansa. Gidan su Abarshi ne ke da hidimarsa tun kaka da kakanni. Kowace shekara kafin a buɗe kamun kifi, mahaifinsa kan tuƙa jirgi zuwa tsibirin, ya shimfiɗa baƙin zane, ya ajiye ƙwaryar fura bisa dutsen, ya juya baya, ya ba masu wurin, wato aljanun ruwa, lokaci su fito su karɓa. Da tsohon ya mutu Abarshi ya musulunta, ya bar wannan hidima, wanda ba laifi ba ne. Laifinsa baki. Ya fi limamin gari zafi a kan abin da ya bari jiya-jiya, duk inda ya zauna sai ya ce dutse dutse ne, shi ko kwana zai iya yi a kansa.

Da Mai Guduma ya nemi wanda zai kai shi dutsen, masuntan gari duk suka wayi gari da ciwon baya. Abarshi ya fito. Mai fassara ya gaya masa wai Mushe, wato Nasaran, ya ce lallai shi ne sarkin ruwa na gaskiya, kansa kuwa ya kumbura har hula ta yi masa kaɗan. Turai ta zo bakin ruwa da furarsa ta rana, ya ce ta shigo jirgi ta riƙa kwashe ruwa. Da suka isa tsibirin Nasara ya kafa akwati, ya nemi mai hawa dutse. Masu ɗaukar kayansa suka noƙe. Aka dubi Abarshi, a nan ya gane ƙafarsa ba ta kai bakinsa ƙarfin hali ba. Ya ce shi zai riƙe jirgi kada iska ta ja shi, yarinya ta hau. Ta hau da ƙwaryarta, ta ajiye ta bisa dutsen don ta karɓi sanda. Ya gaya mata yadda za ta tsaya, kada ta motsa, kada ta ƙifta. Nasara ya warware baƙin zanensa. Abarshi ya ji ba zai iya kallo ba, ya juya baya yana ta faman gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Da yamma Nasara ya kira shi tanti ya nuna masa gilashin da hoton ya kama. Komai a juye yake: sama baƙa, dutse fari, fuskar Turai fara fat, haƙoranta baƙi. Kewaye da ita kuma akwai wasu dishi-dishi, dogaye da gajeru, kamar mutane tsaye cikin hayaƙi. Nasara ya yi tsaki ya ce haske ne ya shiga inda bai kamata ba, amma dutsen ya fito da kyau, ya isa. Ya naɗe gilashin cikin auduga ya sa a akwati. Bayan ƴan kwanaki ya kwashe raƙumansa ya yi gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun daga wancan maraice na tsayuwar Turai, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Rana na yin ja sai abin ya dawo. Duwatsu su sauko, Turai ta miƙe ta tsaya, tsayuwar kuma kullum sai ta fi ta jiya tsawo. Ba a taɓa jifar mutum ba. Darni ake ji da shi. In Abarshi ya wuni yana kafa kara ya ɗaure, da almuru sai ya ji ƙaƙas-ƙaƙas, darni ya kwanta gaba ɗaya, duk mai wucewa yana ganin tsakar gida har makewayi. Asabarin ƙofar ɗaki ya tsinke ya faɗi. Faifan da aka rufe ƙwarya da shi a tarar da shi can gefe. Marka ta kai ga ba ta iya wanka sai ta je gidan ƙanwarta. Ba a barin komai a rufe cikin gidan nan, kuma Abarshi ya rasa dalili.

Sai kuma muryoyi. Daga cikin randa suke fitowa, can ƙasa, kukan mace da na yara ƙanana, irin kukan wanda ya gaji da kuka. In aka leƙa, ruwa ne kawai kwance.

Gari kuwa bai yi musu da sauƙi ba. Dangin mahaifinsa, waɗanda ba su bar tsohuwar hanya ba, suka ce ai kaɗan ma ya gani, mutumin da ya yar da abin gidansu. Abokan sallarsa suka ce da ma musuluncinsa bai wuce leɓe ba, in ba haka ba me ya kai shi dutsen. Mata suka daina sayen kifinsa, suka hana ƴaƴansu bin ta ƙofar gidan, amma su da kansu ba sa rasa dalilin bi ta nan da yamma suna satar kallo. Turai ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ta daina waƙa. Abarshi na kallonta yana jin tsoro irin wanda bai taɓa ji cikin ruwa ba, don ya binne ƴaƴa ya san yadda ido ke komawa in mutuwa ta fara leƙowa.

Wata safiya Marka ta tsare shi bakin rumbu. Wata maƙwabciya ta riga ta gaya mata abin da masu ɗaukar kayan Nasara suka baza kafin su tafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai da ka ce ko kwana kana yi bisa dutsen," in ji ta, "mi ya hana ka hawa? Ɗiya guda Allah ya bar mini, ita ka ga ta dace?"

Da rana tsaka, lokacin da kowa ya fake a inuwa, ya saci jiki da ƙwaryar fura ya tuƙa jirgi zuwa inda dutsen yake. Ruwa ya riga ya rufe shi. Ya ajiye ƙwaryar bisa ruwa, ya yi ƴan maganganun da ya tuna mahaifinsa na yi, kunya na cinsa. Da ya komo gida ƙwaryar ta riga shi isowa. Tana tsakar gida, cike da baƙar laka mai wari.

Marka ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ta ɗaura zane ta kama hanyar Ɗan Issa da ƙafa, inda aka ce akwai wani Malam Ɗanjuma da ya yi karatu mai zurfi kuma aljanu na jin maganarsa. Washegari da la'asar ta komo da shi bisa jaki. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ƙarancin fara'a, gafakarsa a rataye, buzunsa a naɗe. Ya zagaya gidan, ya ɗauki dutse guda ya sansana, ya leƙa randa. Sannan ya sa Abarshi ya ba shi labari tun daga farko, duk inda ya so ya tsallake sai malamin ya dawo da shi. Da ya gama, malamin ya daɗe yana dubansa, duban da ba na ƙauna ba.

"Abin da ke gidanka ba ɓatan hanya ya yi ba," ya ce. "Mai ƙara ne. In ya zo zai nemi a biya shi. Ni zan yi magana da shi. Kai kuwa ko mi ka ji, ko mi ka gani, kada ka amsa mishi komi. Bakinka ya yi aikin da ya isa."

Ya sa aka share tsakar gida, ya shimfiɗa buzu, ya wanke allo ya ba Turai ta sha, ya zuba turare cikin kasko. Ya zaunar da Marka bayan ƴarta, Abarshi kuma can gindin rumbu. Maƙwabta suka taru nesa-nesa, tunda babu darnin da zai hana su. Rana ta yi ja. Kaji suka shige akurki tun kafin lokacinsu, iskar da ke kaɗa ganyen bedi ta ɗauke, garin ya yi tsit har ana jin kwaɗin tabki. Malam ya fara karatu, murya ƙasa, baya sauri. Dutse ya sauko gabansa, bai dube shi ba. Turai ta miƙe, ta haɗe ƙafa, ta miƙa hannu. Malamin ya tashi ya kama babban yatsanta ya ci gaba da karatu cikin kunnenta, yana yi yana tofawa, har gumi ya jiƙa masa riga. Can sai bakinta ya buɗe, muryar da ta fito kuwa ta tsohon namiji ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Sake mini hannu, Malam. Ba da kai nike ba."

Malam ya yi wa mai muryar sallama, ya ƙi amsawa. Ya tambaye shi sunansa.

"Sunana shi kaɗai ya rage mini a rufe. Shi ma kuna so?"

Malam ya ce to ya bar sunan, ya faɗi abin da yarinyar nan ta yi masa. Muryar ta yi wata dariya mara daɗi, idon Turai ya juya a hankali ya sauka kan Abarshi, karo na farko da ya bar duban tabki.

"Tambayi wancan. Mu da gidansu akwai alkawari tun ba a san garin ga ba. In sunka shimfiɗa baƙin zane, sunka aje fura, ɗan gidan ya juya baya, mu kan fito mu karɓa, ba mai ganinmu. Tsohon ya mutu, munka daina ganin kowa. Ba mu yi fushi ba, munka ce kowa da hanyar da Allah ya nuna mishi. Sai ranar nan ga baƙin zane an warware, ga fura bisa dutse a hannun jinin gidan, ga ɗan gidan ya juya baya. Na ce ma iyalina ku fito, sun tuna da mu. Matata ta fito ba lulluɓi, ɗiyana sunka fito suna murna. Ashe ido ne a ƙarƙashin zanen."

Sai a lokacin Abarshi ya ga abin da ya haɗa da hannunsa ba tare da ya sani ba.

Malam ya ce kuskure ne, ba tarko ba, kuma mai akwatin shi ya ɗauka, a bi shi. Aljanin ya ce ya bi shi har bakin ruwan gishiri, nan iyakarsa. Malam ya ce za a nemi hanyar da za a fasa gilashin. Aljanin ya ce an makara, an riga an zuba abin bisa takardu, takardun sun watsu. Ya ce a duk lokacin da wani can ya buɗe ya duba dutsen, matarsa na jin idon a jikinta kamar tafiyar ƙuda, ba dare ba rana, ta daina fita, ta daina ci. Su da aka halitta a ɓoye, yau su ne abin kallon waɗanda ko sunan garin ba su iya faɗi.

"Yarinyar ga ba ta da laifi," in ji Malam.

"Nawa ɗiyan mi sunka yi?"

Malam ya koma karatu da ƙarfi, ayoyin da ke ƙona su, jikin Turai ya ɗauki rawa, muryar ta yi gurnani amma ba ta roƙi sassauci ba. Ta ce ya ƙona, in ya ƙone akwai ƴan'uwansa a bayansa, su kuwa ba za su tsaya magana ba. Malam ya san gaskiya ce, ya sassauta, aka shiga ciniki. Ya yi tayin baƙin rago, aljanin ya ƙi. Ya yi tayin a mayar da hidimar dutse ta hannun dangin da ba su bar ta ba, aljanin ya ce ko duniya za ta tashi ba wanda zai ƙara fito da shi da zane. Shi yarinyar yake so, ta zauna da su ƙarƙashin ruwa. Malam ya ce wannan babu ita. Ya ce to idanunta. Malam ya ce babu. Ya ce to idanun uban. Abarshi ya yunƙura, malamin ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya ce masunci makaho mutum uku ne a kabari, shi da matarsa da ƴarsa, a nemi wani abin.

Duhu ya fara cin gefen gidan. Wani siririn jini ya fito daga hancin Turai ya gangaro bisa leɓenta, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam.

"To ga wanda ba jini ba karaya," in ji muryar, a hankali. "Akwatin nan bai yanke mu ba, bai ƙone mu ba. Kamanninmu ya kwasa ya bar mu tsaye. Ni ma haka nike so. A ba ni kamannin mutumin ga daga idon ɗiyarshi, in tahi, ba ni ƙara waiwayar gidan ga."

Malam Ɗanjuma ya sunkuyar da kai yana auna maganar, don ya san irinsu ba sa neman abu mai araha. Ya ɗago zai tambayi abin da ake nufi. Amma Abarshi jinin kawai yake gani, kuma a kunnensa abin da aka nema bai kai farashin kifi guda ba.

"Na ba ka," ya ce. "Ɗauki ka sake mini ɗiya."

Malamin ya rufe ido. Magana ta riga ta fita daga bakin mai ita, ba a mayar da ita. Abin da ya iya yi shi ne ya ɗaure aljanin da rantsuwa mai nauyi cewa shi da zuriyarsa sun bar gidan har abada, sannan ya yi sauri ya tambaya, kunnenta fa? Muryar ta ce da ido aka yi mata ɓarna, ba ta da hakki a kan kunne. Daga nan randa ta tsage da kanta, ruwan ya malale tsakar gida yana warin laka, ya bi ta inda darni ya faɗi ya nufi gangare. Turai ta yi atishawa, hannunta ya sauko, ta faɗa jikin uwarta.

Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa." Muryarta ce, tata ta kanta. Abarshi ya zabura ya karɓo ruwa wurin maƙwabta, ya durƙusa gabanta da moɗa, hawaye na zuba. Yarinya ta dube shi, ta ja gefen zanenta ta rufe kai, ta matsa bayan uwarta, ta tambaya cikin raɗa wane ne wannan baƙon da ya shigo musu har tsakar gida. Ya ce, ni ne, Turai. Ta ji muryar ubanta na fitowa daga bakin mutumin da ba ta sani ba, ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame Marka. Malam ya kama hannun Abarshi ya fitar da shi waje, ya tsayar da shi bayan rumbu, ya ce ya kira ta daga nan. Ya kira. Nan take ta daina kuka, ta amsa, ta ce Baba ina ka shiga, zo ka ga wani mutum.

Malam ya naɗe buzunsa tun da safe. Bai yi wa Abarshi faɗa ba, bai kuma ba shi haƙuri ba. Ya ce yarinya za ta rayu, ta yi ƙiba, ta yi waƙa, wannan shi aka kira shi ya yi.

Haka kuwa aka yi. Duwatsu suka daina, muryoyi suka ɗauke, darnin da Abarshi ya kafa ya tsaya. Mata suka dawo sayen kifi kamar ba su ne suka guje shi ba. Turai ta murmure. An zaunar da ita an yi mata bayani ba sau ɗaya ba, Marka ta rantse mata, ta kama hannunta ta ɗora bisa fuskarsa. Takan yarda, ta yi kuka, ta ba shi haƙuri. Gari na wayewa abin ya zube daga kanta, ta sake ganin baƙo. Sai ya zamana in yana son hira da ƴarsa, sai ya ɗauki komarsa ya zagaya bayan darni ya zauna, ita tana ciki tana aikinta, su yi ta magana ta tsakanin kara. A nan take ba shi labarin ƙawayenta, a nan take tsokanarsa, a nan yake jin dariyarta.

Wani yammaci suna haka, ya ji ta matso dab da darnin ta rage murya.

"Baba, akwai maganar da nike so in gaya maka, kada ka ce ma Inna. Akwai wani mutum da ke shigowa gidan ga kullum in ba ka nan. Inna har tuwo take ba shi. Ba ya cewa komi, sai ya zauna gindin rumbu ya yi ta kallona, wani lokaci har da hawaye. Ni tsoronshi nike ji. Don Allah ka hana shi zuwa."

Abarshi ya yi ta naɗe zaren koma a yatsansa. Ta tambaya ko ya ji ta.

"Na ji, uwata," ya ce. "Ba ki ƙara ganinshi."

Washegari ya kafa ƴar bukka a bayan darni, ya kwashe komarsa da tabarmarsa ya koma can. Marka na miƙa masa tuwo ta saman kara.